DAGA SANƘIRA ZUWA MAI LASIFIKA: MUTUMIN DA BA A KIRAN SUNANSA A BIKIN ZANGON LOME

A Zangon Lome, babban birnin ƙasar Togo, da wuya ƙarshen mako ya wuce ba a yi biki ba. In ba ɗaurin aure ba, to suna. In ba suna ba, walimar sauka ko tarbar alhazai. Sai a toshe bakin lungu, a kafa rumfar tamfol, a jera kujerun roba na haya, a ɗora manyan akwatunan lasifika a kan ƙafafunsu. Can gefe, jikin katangar gidan da aka jawo wuta, akwai ɗan teburi ɗauke da na'urar haɗa sauti, da wani saurayi da ya sunkuya a kanta tun kafin la'asar. Masu jin Faransanci a Lome suna ce wa waɗannan kaya “sono”, mu kuwa mai lasifika muka san shi, ko mai sauti. Mawaƙi zai raba dare yana kiran sunaye, ya wasa uwar amarya da ƙawayenta, ya wasa Alhajin da ya shigo yanzu, har direban da ya kawo shi ya samu rabo. Wannan saurayi dai ba a waiwayarsa sai lasifika ta yi kuka, kuma ko a lokacin ba sunansa ake kira ba, tsawa ake daka masa a gaban jama'a, da makirufon da shi ne ya ɗaura ta.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan rashin tarbiyya ne na wasu ɗaiɗaikun mawaƙa, kuma lalle akwai shi. To amma abin ya fi haka tsufa da zurfi. Ɗaukar muryar mawaƙi a kai ta kunnen jama'a daɗaɗɗen aiki ne a ƙasar Hausa, kuma masu yin sa a da suna da suna, suna da matsayi, suna da kaso a cikin abin da aka samu. Mai lasifika ya gaji aikin, amma bai gaji kason ba.

Sai mu fara da Zangon kansa. A shekarar 1897 ne Jamusawa suka mayar da hedkwatar mulkinsu na Togo zuwa Lome, garin ya fara haɓaka, fatake suka bi sawun ciniki. Shekaru biyar kafin nan, a 1892, yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, Hausawan da ke can suka watsu zuwa wasu garuruwa. Da yawa sun koma Kete-Karachi, wadda ta faɗa hannun Jamus, kuma a can ne Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, ya yi aiki da jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1906. Daga irin waɗannan zanguna na cikin ƙasa hanya ta miƙe har bakin teku. Ayari kuwa ba ya tafiya da 'yan kasuwa kaɗai. Duk inda madugu ya sauke kaya aka kafa zango, za ka tarar da malami da mahauci da wanzami, kuma ba a jimawa sai makaɗi ya iso, domin baƙo a ƙasar wasu ya fi kowa bukatar a tuna masa asalinsa.

Tsohon Zango yana tsakiyar birnin Lome har zuwa 1977, lokacin da gwamnatin Janar Eyadema ta rushe shi, aka kwashe mutanensa zuwa bayan gari, wajen kilomita 15 arewa, a gefen babbar hanyar da ta nufi arewacin ƙasar. Nan ne ake kira Agoe-Zongo a yau. Wani masanin Faransa, Michel Agier, ya zauna da mutanen unguwar bayan wannan ƙaura, ya fitar da littafi a kansu a 1983, kuma tun daga sunan littafin ya haɗa abu biyu: kasuwanci da zumunci. Ya gane abin da kowane ɗan Zango ya sani, cewa amanar da ake ba da bashi da ita a kasuwar shanu, a wajen suna da ɗaurin aure ake gina ta. Saboda haka biki a Zango ba shagali ba ne kawai, fage ne da ake nuna waye wane. Zauren kiɗan talakan Zango kuwa shi ne ƙofar gida da bakin titi.

To, kafin zuwan lantarki, yaya murya take isa ƙarshen taro?

Da bakin mutane take isa. A wajen ɗaurin aure waliyyai suna magana ƙasa-ƙasa, kamar yadda dattako ya tanada, sanƙira ne zai miƙe ya ɗaga murya ya maimaita: ga wanda ya nema, ga wanda ya bayar, ga sadaki, a shaida. A fagen kiɗa ma shi ne mai shelar kyauta, mai kwarzanta wanda ake yi wa waƙa, mai fayyace wa na nesa abin da ya wuce su. A masallacin Juma'a ladan yana karɓar kabbarar liman ya miƙa ta ga sahun baya. 'Yan amshi kuma ba ado ba ne: murya ɗaya ba ta cika fili, amma in mutum biyar ko shida suka karɓi gindin waƙa baki ɗaya, sai ta kai inda jagora shi kaɗai ba zai kai ba, shi kuma ya samu sararin shan iska ya shirya ɗiyan da zai biyo baya. In muka ajiye son zuciya, waɗannan su ne amsa-kuwwar farko ta Bahaushe.

Shi kansa makaɗi a wancan zamani shi ne injiniyan sautinsa. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya ɗaga sauti, ya sassauta ya kwantar da shi, har gangar ta yi magana. Ya san in fata ta sha raɓa sai an kanga ta a wuta ko rana kafin ta yi zaƙi. Ya san inda zai sassauta hannu don kada ya danne baitin maigidansa. Kalangu kuwa asalinsa kiɗan mahauta ne, don haka ba baƙo ba ne a unguwar da shanu da fawa suke cikin manyan sana'o'inta. Abin lura shi ne duk wanda ke da hannu a cikin yadda sauti zai fita, ɗan ƙungiya ne. Tare ake tafiya, tare ake cin tuwo. In an tashi daga wasa maigida ya zauna ya raba abin da aka samu, ya ɗauki kaso mafi tsoka, sauran kowa ya karɓa gwargwadon matsayinsa. Rabon ba kullum yake da adalci ba, an sha ɓatawa a kansa, amma ba wanda ke musun cewa yaro yana da haƙƙi a ciki. Ga kuma ladan da ya fi kuɗi daɗewa: ambato. Duk wanda ya saba sauraron Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya san yadda yakan juya ga makaɗansa a tsakiyar waƙa ya yi musu magana, har masu sauraro suka san da zamansu.

Akwai wani abin da ya kamata mawaƙin yau ya tuna. A 1957 M. G. Smith ya wallafa nazarinsa a kan roƙo a ƙasar Hausa, daga abin da ya gani a ƙasar Zazzau, ya nuna yadda al'umma take ajiye maroƙa da makaɗa a ƙasan jerin sana'o'i, tana jin daɗin bakinsu tana kuma tsoronsa, amma ba ta cika son haɗa zuri'a da su ba. Wato sana'ar da ta fi kowace sanin ɗacin raini ita ce yau take raina wanda ke ƙarƙashinta. Laifi tudu ne.

Da na'ura ta fara shigowa, ba a ƙasa mai riƙe da ita yake ba, a sama yake. Tun daga 1904 wani hafsan sojan Jamus mai suna Julius Smend ya riƙa naɗar waƙoƙin mutanen Togo a kan wasu gwangwanaye na kakin zuma, aka kai su taskar adana sauti ta Balin, wadda aka kafa a 1900. Har yau da sunan Smend ake kiran wannan tari, ba da sunan waɗanda suka rera ba. A wannan zango na tarihi mai injin ne ke da suna, mawaƙi ne ake juyawa: matso kusa da bakin ƙahon, ja da baya, tsaya nan, lokaci ya ƙare. Garmaho ya biyo baya da faifansa na minti uku, ya tilasta wa waƙar da ake kwana ana yi ta tsuke kanta. Sannan rediyo: na Lome ya fara aiki a 1953, na Kaduna a 1962. Injiniyan gidan rediyo ma'aikacin gwamnati ne, mai albashi da takardar shaida, yana zaune bayan gilashi. In ya kunna jar fitila, ko sarkin kiɗan wane gari ne sai ya yi shiru ya jira alama.

Makirufo ta yi wa wasu mawaƙan gata irin wanda sanƙira ba zai iya yi musu ba. Kuntigin Ɗanmaraya Jos ɗan ƙaramin abu ne, gwangwanin kifi da aka rufe da fata, tsarkiya ɗaya tal, kuma shi kaɗai yake waƙarsa ba 'yan amshi. A fili mai mutum dubu, in ba na'ura, sahun gaba ne kawai zai ji shi. Haka gurmin Haruna Uji. Irin wannan kiɗa mai taushi bai zama na dandali da filin wasa ba sai da aka samu wanda ya san inda zai kafa makirufo a gabansa.

Lome kanta ta taɓa zama gari mai suna a wannan fanni, ko da yake 'yan baya ba su cika sani ba. Gwamnatin Togo ta mallaki wani babban ɗakin naɗar sauti da ake kira Otodi, kuma a can ne mawaƙin Yarabawa King Sunny Ade ya naɗi faifansa Juju Music, wanda kamfanin Island ya fitar a 1982, shekara guda bayan rasuwar Bob Marley. Wannan faifai ne ya buɗe masa ƙofar Turai da Amurka. Martin Meissonnier, Bafaranshe, shi ya jagoranci aikin, Godwin Logie kuma ya tace sautin, kuma an rubuta sunayensu a jikin faifan. Gangunan da ke magana a ciki 'yan uwan kalangu ne na jini. Daga baya ɗakin ya yi shekaru da dama a rufe yana shan ƙura, har sai da ƙungiyar Vaudou Game ta Peter Solo, ɗan Togo, ta sa aka tayar da na'urorinsa, ta naɗi faifai a ciki, wanda ya fito a 2018, ta kuma raɗa masa suna Otodi.

Ashe ke nan ba a ko'ina ake raina mai sauti ba. Inda hukuma ko kamfani ke tsaye a bayansa, ana yi masa ladabi. Raini ya samo asali ne daga ƙofar da ya shigo bikin unguwa, wato ƙofar haya.

Da kayan sauti suka yawaita, suka sauko daga gidan rediyo zuwa shagunan gari, sai mai biki ya riƙa ɗauko su kamar yadda yake ɗauko rumfa da kujeru da manyan tukwane, sau da yawa ma a wuri ɗaya. Mawaƙi kuma gayyatarsa ake yi daban, da goro da girmamawa. Sai mutum biyu su haɗu a fili ɗaya, aikinsu a sarƙe kamar zare da allura, amma babu wata igiya da ta ɗaure su. Mawaƙi bai ɗauke shi ba, balle ya ji nauyinsa. Bai raine shi ba, balle ya ji tausayinsa. A idonsa, wannan yaro wani ɓangare ne na kayan haya. Kuɗinsa an yanke tun da safe, ko an tashi ƙarfe goma ko an kai asuba. Liƙi kuwa, ko ya kai tudu, na mai riƙe da makirufo ne.

Asara ce kaɗai aka bar masa shi ɗaya. Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, masu sana'ar suka san cewa abin da ya lalace a dare ɗaya yana iya cinye ribar watanni. Yawancin samarin da ke zama a bakin na'urar ma ba nasu ba ne kayan. Yaran shago ne, wasu daga gyaran rediyo suka faro, kuma in lasifika ta ƙone su ne za su tsaya gaban maigida da safe.

Yanzu a dubi abubuwan da ake yi masa, domin kowannensu yana da dalili na ilimi wanda mai zagin bai sani ba. Na farko shi ne ƙin zuwa gwaji. Muryar kowane mutum daban take, kuma lungu mai katangar siminti hagu da dama ba ya amsa sauti kamar buɗaɗɗen fili. Minti goma kafin taro ya cika sun isa a daidaita komai. Amma mawaƙi yana ganin isowa da wuri zubar da girma ne, sai ya bari sai fili ya tumbatsa, ya shigo da tawagarsa, ya fizgi makirufo ya fara. Baitocin farko su zama su ne gwajin, a kunnen kowa.

Sai kukan lasifika, wannan ƙara mai tsinin da ke sa mata toshe kunne. Faransawa suna ce mata “larsen”, sunan wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak da ya bayyana yadda take faruwa. Sautin da ya fito daga lasifika ne yake komawa cikin makirufo, a ƙara masa ƙarfi, ya sake fita, ya sake komawa, yana zagayawa har ya zama ihu. Makirufon waƙa, irin Shure SM58 da aka fara ƙerawa a 1966, wadda kwaikwayonta ya cika kasuwanninmu, an gina ta ne don ta ji abin da ke gabanta ta ƙyale na bayanta, kuma wasu ƙananan kafofi da ke bayan kanta ne suke ba ta wannan hali. In mawaƙi ya dunƙule kan makirufo a tafin hannu, yadda ya ga 'yan gambarar zamani suna yi a bidiyo, ya toshe kafofin ke nan, sai ta koma jin kowane ɓangare. Ƙara a kan haka, waƙar biki ba a tsaye ake yin ta ba. Hajiya tana zaune a gaban akwatin lasifika, jakarta a buɗe, dole mawaƙi ya bi ta can ya durƙusa. Ya kai makirufo bakin lasifika da hannunsa, ƙara ta tashi, sai ya juyo ya ce, “Kai yaro, ba ka iya aikinka ba ne?” Jama'a su yi dariya. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

Akwai mai bubbuga kan makirufo da yatsa don ya ji ko tana aiki, da mai hura mata iska, da mai jefar da ita a kan kujera in ya gama. Akwai mai cewa a ƙara masa murya, a ƙara, a ƙara, alhali na'ura ta riga ta kai iyakarta, abin da ya rage sai gurɓacewa da ƙonewa. Akwai yaron mawaƙi da zai zo ya zare waya ya soka tasa ba sallama, lasifika ta yi tsawa kamar an harba bindiga. In wuta ta ɗauke ma, shi ake harara, kamar shi ne mai madatsar ruwa. Alhali mutanen Lome ba su manta da 1998 ba, shekarar da ruwan Akosombo na Ghana ya ja baya, Togo da Benin suka yi watanni cikin matsanancin ƙarancin lantarki. Janareta kuwa in ƙarfinsa yana hawa yana sauka, na'urar sauti ce ke fara shan wahala.

Ba a ce masu lasifika waliyyai ba ne. A cikinsu akwai wanda bai san komai ba sai murɗa kowane maɓalli zuwa ƙarshe, akwai mai zuwa da wayoyi duk ɗauri, akwai mai barin teburi ya tafi neman shinkafa a daidai lokacin da ake bukatarsa. Sau da yawa kuma mai bikin ne ke matsa masa, don a ganinsa bikin da ba a ji shi a unguwa ta uku ba bai cika biki ba. Sai dai a tsohon tsari, in ɗan amshi ya yi kuskure, maigida yakan harare shi a fili, ya bari sai an koma masauki ya yi masa faɗa, domin tozarta yaronka tozarta kanka ne. Wanda ba yaron kowa ba shi ake yi wa wankin babban bargo a bainar jama'a.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi daga Kano ya taso. A shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan naɗar sauti irin su Iyan-Tama, waƙoƙin fim suka samu sabon kiɗa, kuma bayan fitowar fim ɗin Sangaya a 1999 salon ya mamaye ko'ina, har zangunan Ghana da Togo da Kamaru. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mawaƙin wannan salo ba ya yawo da masu kalangu da 'yan amshi. Kiɗansa da amshinsa, wani lokaci har da muryarsa, duk suna cikin filashi ko wayar hannu, sai ya miƙa wa mai lasifika ya ce a saka ta uku. Wato ƙungiyar da a da mutum takwas ko goma suke ci daga gare ta, yau ta dunƙule ta koma kan teburin saurayin nan. Shi ne mai ganga, shi ne ɗan amshi, shi ne sanƙira. In ya ja maɓalli ɗaya ƙasa, babu sauran waƙa. Kason mutum goman ya koma aljihu ɗaya, kuma wanda ya ɗauki aikinsu ba ya cikin lissafi.

Al'adar ambato ba ta mutu ba. Saurari waƙoƙin da ake naɗa a Kano da Kaduna, za ka sha jin mawaƙi ya kira sunan situdiyo da na wanda ya buga masa kiɗa, tun a farkon waƙa ko a ƙarshenta. Wancan yana da ɗaki da ƙofa, sai an biya shi kafin a karɓi aiki, kuma mawaƙi ya san gobe zai dawo. Manyan mawaƙa kuma, masu hali, sun koma tafiya da nasu mai sautin, ya shiga mota tare da su, a ƙirga shi cikin yara, a raba da shi in an tashi. Ƙaramin mawaƙin Zango, da mai bege da mandiri, da zabiyar da ake kira wunin mata, ba su da wannan ƙarfi. Kowace Asabar wani sabon saurayi suke tararwa a bakin na'ura, wanda mai biki ya ɗauko tare da kujeru.